Gurbin da kundin tsarin mulkinmu ya bari a kan al'adar ƙasashe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aikin rajistara a kotu nan Katsina kafin in yi ritaya. Na sha ganin lauya ya miƙe da zafinsa yana cewa dokar ƙasa da ƙasa ta hana kaza, alƙali ya sauke tabarau ya tambaye shi, "A wane sashe?" Sai ka ga lauya yana ta juya takardu. Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami, ganin kullum ana zancen gyaran kundin tsarin mulki na 1999, amma hankali ya tafi kan ƙirƙiro jihohi da 'yansandan jiha.

Dokar ƙasa da ƙasa iri biyu ce a manyan tushenta. Akwai yarjejeniya, wadda ake zama a rubuta a sa hannu. Akwai kuma al'ada, wato abin da ƙasashe suka daɗe suna yi har suka yarda cewa wajibi ne a kansu, ba alfarma ba. Sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya ya lissafa ta cikin abin da ake yanke hukunci da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malami, domin a fiƙihu ma an ce al'ada abar hukuntarwa ce muddin ba ta saɓa wa nassi ba. Tun kafin a rubuta wata yarjejeniya kakanninmu sun san ba a taɓa manzon sarki, ko da takardar yaƙi ya kawo.

A kan yarjejeniya kundinmu bai ɓoye komai ba. Sashe na 12 ya ce ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sashe na 1 kuma ya ce kundin ne sama da kowa, duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi. Kotun Ƙoli ta fayyace wannan a 2000, a shari'ar da marigayi Gani Fawehinmi ya kai gwamnatin Abacha bayan kama shi a 1996. Ta ce Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, tunda an mayar da ita doka a 1983, kotunanmu za su yi aiki da ita, tana ma da ƙarfin da ya zarce na sauran dokoki, amma ba ta fi kundin ba. Magana ta fito sarai.

To, al'ada fa? Nan kundin ya ja bakinsa ya yi shiru. Abin da ya ɗan kusanto shi ne sashe na 19, inda aka ce mutunta dokar ƙasa da ƙasa na cikin manufofin hulɗarmu da waje. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙara a kansa. An ba ka da dama, an karɓe da hagu. Abin da ya rage wa alƙali shi ne ya bi ta ƙofar baya, ta hukunce-hukuncen Ingila da muka gada tun zamanin Turawa, inda aka ce al'adar ƙasashe ɓangare ce ta shari'arsu.

Abin da ya fi damuna, shari'ar da ake yawan kafa hujja da ita a wannan batu a kanmu aka yi ta. A 1975 an yi odar siminti fiye da ƙima, jiragen ruwa ɗaruruwa suka cunkushe a tashar Legas. Babban Bankin Najeriya ya ba da takardar lamunin biya, daga baya aka ƙi biya. Kamfanin Trendtex, wanda aka ƙi biya kuɗin simintinsa, ya kai ƙara Landan, bankin ya ce yana da rigar kariya ta gwamnati. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce al'adar ƙasashe ta sauya, gwamnatin da ta shiga kasuwa ta yi ciniki ba za ta fake da rigar kariya ba. Da al'ada aka kayar da mu a gidan wasu, mu kuwa har yau ba mu rubuta matsayinta a gidanmu ba.

Wani zai ce wannan zancen manyan lauyoyin Abuja ne. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun san ba haka ba ne. A 2019, da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan yankin Jibiya, ƙanwar mai ɗakina ta tsallaka Nijar da dare, goye da jariri, tana riƙe da hannun yara biyu, kayanta duka ƙunshi ɗaya ne a zane da 'yar tukunya. Ba ta da ko katin shaida. Ba a koro ta ba, ta zauna a wani ƙauye na jihar Maraɗi kusan shekara guda. Ƙa'idar da ta hana a mayar da mai gudun hijira bakin mutuwa tana rubuce a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, amma ta yi jijiya har masana da yawa na ɗaukarta al'adar da ta hau kan kowace ƙasa. Takarda ana iya fita daga cikinta, kamar yadda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Ranar da takarda ta yage, al'ada ce ke saura tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Daura da Damagaram. Idan falken hatsi ya yi ciniki da gwamnatin wata ƙasa ta cinye masa kuɗi, bai kamata nasararsa ta dogara da ko alƙalin ya karanta hukuncin Landan ba.

Wasu ƙasashen sun toshe wannan gurbi. Kenya, a kundinta na 2010, ta ce manyan ƙa'idojin dokar ƙasa da ƙasa ɓangare ne na dokarta. Jamus ta ɗora su sama da dokokin majalisa. Ni dai na Afirka ta Kudu ya fi kwanta mini. Sashe na 232 na kundinsu na 1996 ya ce al'adar ƙasashe doka ce a ƙasar, sai idan ta saɓa wa kundin ko dokar majalisa. Jimla ɗaya tak.

Na san fargabar mutanenmu, kuma ban raina ta ba: kada a fake da wannan a shigo mana da abin da addini da tarbiyyarmu ba su yarda da shi ba. Shi ya sa ma nake son a rubuta. Idan aka bi tsarin Afirka ta Kudu, kundin na nan a sama, majalisar da muka zaɓa na da ikon cewa a'a, kuma duk mai da'awar wani abu al'ada ce sai ya kawo hujjar cewa ƙasashe na yin sa a aikace. Shirun da ake ciki yanzu shi ne ya bar ƙofa ba mai gadi.

Ina kira ga sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilai na jihar Katsina, musamman masu wakiltar Jibiya da Kaita da Mai'adua da Ɓaure, su kai wannan batu gaban kwamitin gyaran kundin. Ku kuma, Malam Edita, ku ba lauyoyinmu da malaman fiƙihu fili su tattauna shi da Hausa a wannan shafi.

Naku,
Tsohon rajistaran kotu,
Ƙofar Sauri, Katsina.