Wasiƙa daga Melbourne: Abba ya ce sai futi

Mutumina Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Madam da yara da su Inna. Ya zafi? Na san Kano ta fara ɗaukar wuta, mu kuma nan sanyi ne ke ƙaratowa, komai nasu a juye yake. Shiru ya yi yawa, amma kafin ka buɗe baki je ka duba wayarka ka ga wanda ya yi magana ta ƙarshe. Gajere ya ce ka ce a tambaye ni ko zan zo bikin autarsu. Zan zo kan wannan. Ya kuma tsegunta mini cewa kana yawo kana cewa na sauya sheƙa daga Arsenal, wai an gan ni a hoto na yafa gyale baƙi mai ratsin ruwan ɗorawa. Ba gyale ba ne, ɗan rainin hankali, ƙyallen wuya ne na magoya bayan Richmond, wata ƙungiyar futi ta garin nan, kuma Arsenal ina nan daram. Kai da kake kallo da la'asar kana ɓare gyaɗa, ina za ka san wasan da ake takewa ƙarfe uku na rana a Ingila nan sai sha biyun dare ko biyun dare, ga aiki da safe? Ɗan Man U ma har ya samu bakin yi wa wani gori.

Abin da ya zaunar da ni rubutu dai Abba ne. Ya tasa mu a gaba sai an sa shi a ƙungiyar futi, wato ƙwallo irin na Ostireliya, ta yaran unguwa. Ni da uwarsa mun kasa cewa e, mun kasa cewa a'a, kuma talabijin ce ta ja mana.

Na san ragbi kake gani a ranka, to ba shi ba ne. Filin zagayayye ne mai ɗan tsawo, irin na kurket, mutum 18 kowane ɓangare, ƙwallon kuma mai tsini biyu. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshe. Ka buga da ƙafa ta bi tsakanin dogayen biyu na tsakiya, maki 6, ta bi ta gefe, maki 1. Babu satar gida, babu gola, kuma a babbar gasarsu ta AFL ko jan kati babu. Wanda ke riƙe da ƙwallo ana rungumo shi a maka da ƙasa, kuma doka ta yarda ka ɗora gwiwa a kafaɗar mutum ka yi sama ka cafe. Tun 1859 aka rubuta dokokin wasan a garin nan, kuma cikin ƙungiyoyi 18 na gasar, 10 a jiharmu ta Victoria suke. Ka ga ke nan ba wurin gudu.

Wasan kansa na ƙarshen mako ne. Sauran kwanakin surutu ake sayarwa, kuma wallahi ya fi wasan kasuwa. Litinin da dare ana fara fiɗar abin da ya faru, Footy Classified a tashar Nine, On the Couch a Fox Footy. Ga AFL 360 da ake yi tun 2010, inda Gerard Whateley ke magana a tsanake kamar ba ƙwallo ake tattaunawa ba. Talata kotun ladabtar da 'yan wasa ke zama, a yi ta maimaita hoton karo ɗaya a hankali ana musu a kan inda kafaɗa ta sauka. Alhamis a fitar da sunayen waɗanda za su buga, wannan ma abin zama ne a yi sharhi. Majalisarmu ce ta gaban mai shayi sak, sai dai su an sa musu kwat, an haska fitila, ana biyansu albashi. Akwai wani Kane Cornes, tsohon ɗan wasan Port Adelaide, wanda aikinsa shi ne ya faɗi abin da zai ɓata wa rabin gari rai. Da kun haɗu da kun shirya. Shi da Caroline Wilson, wadda ta daɗe tana shugabantar rubutun futi a jaridar The Age, sun bar Nine sun koma tashar Seven a 2025 inda aka buɗe The Agenda Setters, kuma wannan ƙaurar tasu ma sai da aka yi makonni ana sharhi a kanta. Matar nan ita na fi saurara, don in ta ce kujerar koci na rawa, to ka zuba ido.

Har daren da ake ba da kyautar Brownlow, ta gwarzon shekara, kallo ne guda. Mutum ɗaya ya zauna yana karanto ƙuri'un alƙalan wasa, uku ga wane, biyu ga wane, ɗaya ga wane, wasa bayan wasa har kakar ta ƙare, mutane kuma suna gida sun ƙura ido. A 2024 Patrick Cripps na Carlton ya tara 45, a tsarin ƙuri'a na yanzu ba a taɓa samun haka ba. Ni ma na kalla har ƙarshe, sai ka yi dariyarka.

Yadda na faɗa ciki kuwa, wurin aiki ne. Ranar Litinin da safe ba mai tambayarka iyali, wace ƙungiya kake bi ita ce gaisuwar. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya ai sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Akwai takardar hasashe da kowa ke cikewa duk mako, kuma kafin ka kai ni ƙara wurin Malam, tamu ba kuɗi a ciki. Da shirye-shiryen nan na koyi sunaye har na fara sa baki. Richmond kuwa saboda Bachar Houli na ɗauke ta, Musulmi mai riƙo da addini wanda ya ci kofi da su a 2017 da 2019 da 2020, wanda kuma ya yi ta ƙoƙari har aka ware ɗakin ibada a manyan filayen wasa. Shi ya yi ritaya a 2021, su kuma suka zo na ƙarshe a tebur a 2024. Haƙuri dai mun saba da shi.

Akwai The Front Bar a Seven, na su Mick Molloy da Andy Maher da Sam Pang. Mutum uku ne a gaban kantar mashaya da kofunansu, su gayyato tsohon ɗan wasa a tuna baya a sha dariya. Uwar Abba da ta hango kofunan nan sai ta nemi rimot. Shirin nan ne ya kwashe wa The Footy Show masu kallo, shirin da Nine ta yi tun 1994 har ta rufe shi a 2019. Tsofaffin wurin aikinmu na kewarsa, ni kuwa ko a jikina. A shirin ne Sam Newman ya shafa baƙi a fuska a 1999 yana kwaikwayon Nicky Winmar, ɗan wasa daga cikin 'yan asalin ƙasar nan na tun kafin zuwan Turawa, wanda a 1993 ya ɗaga riga ya nuna fatarsa ga masu zaginsa a filin Collingwood. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Marngrook Footy Show na tashar NITV, na 'yan asalin ƙasa, da shi ma ya tsaya a 2019. Tsofaffin shirye-shiryensa da na gani sun fi sauran natsuwa da sanin darajar baƙo.

Af, wai da gaske Kawu ya sayar da filin nan na bayan makaranta? Gajere ya ce har an fara zuba bulo. In haka ne a ina yara za su buga ƙwallo? Kuma motar Gajere ta tashi, ko har yanzu tana wurin bakanike tana jiran kaya daga Legas? Ka ba ni labarin Pillars ma, shi ba ya kawo mini sai na aure da na rasuwa.

To ga abin da ke hana ni barci. A watan Satumba na 2023, a wasan Collingwood da Melbourne, Brayden Maynard na Collingwood ya yi tsalle zai tare bugun Angus Brayshaw na Melbourne, ya sauko da kafaɗa a kansa. Yaron ya suma nan take, aka fitar da shi. Mako guda cur ba abin da ake yi a kowane shiri sai wannan, wasu na cewa wasa ne ya gaji haka, wasu na cewa yana da damar kaucewa. Kotun ta wanke Maynard, ya buga wasan ƙarshe suka ci Brisbane da maki 4. Brayshaw kuwa bai sake bugawa ba. A Fabrairun 2024 ya ajiye wasa yana da shekara 28, bayan hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna canji. Kuma ka ji inda abin ya ƙara nauyi: matarsa 'yar Danny Frawley ce, tsohon kyaftin ɗin St Kilda, wanda ya shekara da shekaru yana ba mutane dariya a shirin Bounce na Fox Footy. Frawley ya rasu a 2019, da aka bincika ƙwaƙwalwarsa aka tarar da cutar nan ta CTE da ake dangantawa da yawan buguwar kai.

Abin da ke ba ni haushi da shirye-shiryen shi ne baki biyu gare su. Yau a sa kiɗa a jero maka hotunan karo da na masu hawa kafaɗar mutane ana tafi, gobe a sa fuskar jimami ana maganar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba mamaki, kuɗin da ke ciki ba na wasa ba ne. A 2022 kamfanonin talabijin na Seven da Foxtel suka sa hannu a kan dalar Ostireliya biliyan 4.5 don nuna gasar daga 2025 zuwa 2031. Kada ka ce za ka juya shi zuwa naira, kalkuletarka ba ta da gidajen. Abba kuwa ɓangaren tafin kawai yake gani. Kujerar falonmu ta zama kafaɗar abokin gaba, ƙanwarsa ma ta sha gwiwa a baya.

Da ma yana Auskick, na ƙananan yara da ba a kayar da kowa, wannan ba mu damu ba. Yanzu na gaba yake so. Kuma yaron ya iya kafa hujja, ban san inda ya gado ba, ko da yake uwarsa ta ce ta sani. In na ce wasan ba namu ba ne, sai ya ce Aliir Aliir fa, wanda aka haifa a sansanin Kakuma a Kenya yake tsaron baya a Port Adelaide? Majak Daw fa, haifaffen Sudan na farko da ya buga AFL? Houli fa, ba ni na ce ya yi koyi da shi ba? Da bakina ya kama ni.

Uwarsa ta ce in dai sai ya yi, to a saya masa hular nan mai laushi. Na ce mata Brayshaw da hular a kansa ranar da ya suma. Sai ta ce to shi ke nan ba zai yi ba, shi kuma ya shige ɗaki ya ƙi cin tuwo. Gaskiya an ƙara tsauri, ba zan ɓoye ba. A AFL wanda ya bugu a kai sai ya huta aƙalla kwana 12, a ƙananan matakai kuma tun 2024 kwana 21 ne, kuma na yara ba irin karon manya ba ne. Sannan duk abokansa na aji suna ciki, ba na son ya zama shi kaɗai ne ke tsaye a bakin fili. Kai da kake aikin asibiti, buguwa ɗaya ko biyu a kan yaro tana barin tabo, ko sai ta yi yawa? Amsar likita nake so, ba ta ɗan Man U ba, kuma ka hanzarta don an fara rajista. Kada Inna ta ji wannan maganar, ka san sai ta ce a ɗoro mata shi a jirgi gobe.

Ka gaida Madam, ka ce ɗinkin ya iso kuma ya zauna daidai. Ka gaida Malam da duk 'yan majalisa. Sannan don Allah ka hana Gajere ba wa yaron nan mai tahowa karatu kilishi ya kawo mini. Mutanen nan ba sa wasa da nama a filin jirgi, karnuka gare su masu sunsuna jaka, ƙwacewa za su yi, in bai rubuta a takarda ba kuma har tara za su ci shi.

Naka,
Baban Abba