Roƙon tallafi: a taimaka mu kai yaranmu masu sikila gwajin eko (hoton zuciya)

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa na Bolari da kewaye. Kwamitin Islamiyyarmu ne ya sake zuwa da ƙoƙon bara, mun san ba a jima ba muka dame ku kan rufin aji, to wannan karon ba maganar kwano da siminti bace, maganar numfashin yaranmu ce.

Malamai sun daɗe suna lura da wasu ɗalibanmu masu sikila, musamman manyan 'yan ajin hadda, kafin su iso makaranta sai sun tsaya hutu sau biyu sau uku a hanya suna haki kamar an koro su, wata ma jiri ya ɗebe ta a sahun la'asar. Mu dai duk mun ɗauka ƙarancin jinin nan ne da aka saba. Sai da wani likita cikin iyayen yara ya zaunar da mu yace akwai abin da ake kira hawan jinin huhu, kuma wallahi yawancinmu ranar muka fara jin sunansa.

Yadda ya mana bayani, jinin mai sikila yana yawan farfashewa, abin da ke fita daga ciki sai ya dinga ƙuntata jijiyoyin huhu a hankali, ɓangaren dama na zuciya yayi ta fama da tura jini ta hanyar da ta matse har ya gaji, daga nan sai kumburin ƙafa da suma. Abin tsoron shi ne na'urar awon bipi da ake ɗaurawa a hannu bata ganinsa, sai a auna a ce lafiya lau alhali abu na ci a ciki.

Eko ne ke nuna alamarsa. Irin sikanin da ake wa masu juna biyu ne amma a ƙirji, ba allura ba yanka, yaro ya kwanta a shafa masa man nan a ɗora na'ura shikenan. Suna auna gudun jinin da ke komawa baya a wata ƙofar zuciya, in ya kai mita 2.5 a daƙiƙa ko ya wuce to sai an ƙara bincike da gwajin jini da gwajin tafiyar minti 6 don a ga juriyarsa. Kuma ba a yinsa lokacin da ciwo ya tashi, sai yaro na cikin lafiyarsa, wanda shi ne lokacin da uba talaka zai ce kuɗin nan gara a sayi masara. Bamu ga laifinsa ba.

Likita ne zai zaɓi waɗanda za a fara kaiwa asibitin koyarwa na tarayya nan Gombe, ba kwamiti ba, kar wani yace an yi son kai. Kuɗin na kati ne da eko da gwajin jini da keke napep zuwa da dawowa, marayu ne a gaba.

Dan Allah kar kowa ya raina abin da yake da shi. A miƙa wa ma'aji a ofishin makaranta bayan la'asar ko a ƙofar masallaci ranar Juma'a, a karɓi rasit, iyaye mata kuma su ba shugabar malamai mata. Mai napep da zai ɗauki yara kyauta shima muna so. Lissafin abin da ya shigo da wanda ya fita za mu liƙa a allon sanarwa ƙarshen kowane wata in sha Allah.

Allah ya saka da alheri, ya ba yaranmu lafiya.