Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Yadda Maganin Tsinka Jini Ke Jawo Gudan Jini

Assalamu alaikum Malama,

Kin tambaya a bainar jama'a: ta yaya hefarin, wanda aka yi wa mahaifinki don kada jininsa ya daskare yayin tiyatar zuciya, zai zama shi ake tuhuma da gudan jinin da ya toshe masa ƙafa a kwana na bakwai?

Hakan na faruwa, likitoci na ce masa HIT, wato raguwar filatilet da hefarin ke jawowa. Filatilet ƙananan ƙwayoyin jini ne da ke sa jini ya daskare. Hefarin kan manne da wani furotin mai suna PF4 da ƙwayoyin filatilet ke fitarwa. A jikin wasu, garkuwar jiki sai ta ɗauki wannan haɗi a matsayin abokin gaba, ta tunzura filatilet su dunƙule cikin jijiyoyi. Adadinsu ya ragu a gwaji, amma maimakon zubar jini sai toshewa.

Lokaci shi ne babbar shaida. Duk wanda aka ɗora a na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, filatilet ɗinsa kan faɗi a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan su farfaɗo. Wannan ba abin tsoro ba ne. Faɗuwa ta biyu, tsakanin kwana na 5 da na 10, musamman in ta kai rabi, ita ce abin dubawa. Wanda kuwa aka yi wa hefarin cikin wata ɗaya da ya wuce, tasa kan zo cikin awa 24.

Da zarar zargi ya yi ƙarfi, ba a jiran sakamakon gwaji. A tsayar da hefarin kowane iri, har ɗan wanda ake wanke robar ƙarin ruwa da shi, wanda shi aka fi mantawa. Tsayarwa kaɗai ba ta isa ba, dole a maye gurbinsa da wani maganin tsinka jini: agatiroban ga mai ciwon ƙoda, tunda hanta ke fitar da shi, ko bibalirudin. Wafarin, maganin tsinka jini na sha, sai adadin filatilet ya koma 150,000 a gwaji, domin fara shi da wuri kan ruɓar da ƙafa. Ƙarin filatilet ma sai in jini na zuba.

Ki tabbata an rubuta HIT da kwanan wata a katinsa. Ƙwayoyin garkuwar jikin da ke jawo HIT kan ɓace cikin kamar wata uku, shi ya sa ake ɗage tiyatar zuciyar da ba ta gaggawa ba sai gwaji ya nuna babu su.

Allah ya ba Baba lafiya.