Takardar Koke Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Makomar Ƙuri'ar 'Yan Gudun Hijira A Sakkwato Ta Gabas

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Ta hannun uwayen ƙasarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma irin na 'ya'ya ga uba, mu talakawanka na mazaɓar sanatan Sakkwato ta Gabas, wato Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah, Wurno, Gada, Illela da Gwadabawa, muna neman afuwa kan wannan dogon kuka. Ba rashin kunya ba ce, tura ce ta kai bango.

Ranka ya daɗe, ranar 25 ga Agustan 2025 aka sake buɗe rajistar masu zaɓe, kuma a ofisoshin ƙananan hukumomi aka fara ta. A wani wuri wannan ba komai ba ne. A wurinmu kuwa ma'anarsa mutum ya bi hanyar da direba ba ya bi sai ya tambayi labarinta da safe. Hanyar da aka tare Sarkin Gobir na Gatawa a 2024, har ya rasa ransa a hannun 'yan bindiga, ita ake cewa tsohuwa ta bi don neman kati. An ce a fara cikewa ta intanet. Wanda ya kwana a ajin firamare ko kangon gini, da wace waya?

Ga inda gizo ke saƙar. Kowane kati ɗaure yake da rumfa guda, lambar jiha da ƙaramar hukuma da gunduma da rumfa duk suna jikinsa. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da ke wata rumfa ba ta san da mai katin ba, ko da nisan taku goma ne. Wanda ya gudo daga ƙauye ya zauna cikin garin Sabon Birni, ƙuri'arsa tana can ƙauyen da babu kowa sai kufai. Dole ya nemi a mayar da shi sabuwar rumfa, wanda katinsa ya ƙone ko ya ɓata kuma ya nemi a sake masa, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce duka biyun a yi su kafin saura kwana 90 zaɓe. Yawancin mutanenmu ba su san haka ba. Sai su shiga layi su yi sabuwar rajista, a ba su 'yar takarda su ninke su sa a aljihu suna murna. Daga baya kwamfuta ta gano yatsunsu sun taɓa shiga, ta soke sabuwar, tsohuwar ta zauna a rumfar da suka baro. Kafin zaɓen 2023 an soke sama da miliyan 2 da dubu 700 irin wannan a ƙasa baki ɗaya. Mutum ba zai sani ba sai ranar zaɓe, ya duba sunansa a bango bai gani ba. Ita kuma 'yar takardar ba a zaɓe da ita, katin ma ba a karɓar wa wani, sai mai shi ya sake bin hanyar nan da ƙafarsa.

Mun ga abin da ya faru a 2023. An yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu, aka ce na sanatocin jihar nan uku duk bai kammala ba, sai 15 ga Afrilu aka ƙarasa. Ƙa'idar ita ce, idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan katunan da aka karɓa a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe ba, sai an sake. To katunan mutanenmu suna cikin lissafi, su kuwa masu katin ba sa cikin layi. Ana ƙirga mu, ba a jin mu.

Mun sha kai wannan kuka. Mun faɗa wa hakimai, mun faɗa wa uwayen ƙasa, an zauna, an rubuta, an ce a yi haƙuri, har mun rasa na wace shekara ne wane. Alhali sashe na 24 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce a yi iya ƙoƙari kada wanda tashin hankali ya raba da gidansa ya rasa ƙuri'arsa, kuma tun 2015 aka yi wa 'yan gudun hijira zaɓe a Borno da Yobe da Adamawa. Matsalar tamu, mafi yawanmu ba a sansani suke ba, suna raɓe ne a gidajen dangi, ba wanda ya rubuta su. Waɗanda suka tsallaka jihar Maraɗi kuwa ba a ma maganarsu.

Don haka muke roƙon Mai Alfarma, don girman Allah, ya sa baki. A kai na'urorin rajista gundumomi da unguwannin da 'yan gudun hijira suke, bi da bi, da rana sananniya da jami'an tsaro. A umarci hakimai da masu unguwanni su rubuta kowane baƙo da sunan ƙauyensa da rumfarsa ta asali, a miƙa wa hukumar zaɓe tun yanzu. A sa limamai su yi shela ranar Juma'a cewa mai tsohon kati kada ya sake rajista, canjin rumfa zai nema. Idan an liƙa sunaye na kwana bakwai don gyara, a liƙa inda mutane suke, ba a bangon makarantar da aka watse ba. A kawo katunan nan kusa, ranka ya daɗe, a kawo su kusa. A kuma sanar da wuraren da rumfunan ƙauyukan da aka tashi za su koma, da wata guda aƙalla, ba daren zaɓe ba.

Kujerar sanatan nan guda ce tak cikin 109, kuma ita ce bakin ƙananan hukumomi takwas a Majalisar Dattawa. Muna roƙon Mai Alfarma ya kira Kwamishinan Zaɓe na jiha da sanatanmu da uwayen ƙasa zama ɗaya, a ba wakilanmu dama su halarta.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi, Allah ya kare martabar gidan Shehu.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna da 'yan gudun hijirar mazaɓar Sakkwato ta Gabas.