Harshen Ruto na bin zafin titi

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan Shugaba William Ruto na Kenya, saboda abin na ci min rai.

Mutumin nan a 2022 da sunan talaka ya ci zaɓe. Kullum labarinsa shi ne yadda ya sayar da kaji a bakin titi yana yaro, jam'iyyarsa UDA ma baro ta ɗauka a matsayin alama, ya ce faɗa ne tsakanin masu fafutukar neman na abinci da 'ya'yan manya irin su shugaba mai barin gado Uhuru Kenyatta da abokin hamayyarsa a zaɓen, Raila Odinga. To yana hawa sai haraji, a 2023 aka ninka harajin mai daga kashi 8 zuwa 16, har mutane suka laƙaba masa Zakayo, mai karɓar harajin nan na cikin Baibul.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne kwana biyu a watan Yunin 2024. Ranar 25 matasa suka kutsa majalisa a Nairobi kan dokar kuɗi, wadda tun farko har burodi ta so ta ɗora wa haraji kashi 16, 'yan sanda suka harbe mutane, da daddare Ruto ya fito a talabijin fuska a murtuke yana cewa cin amanar ƙasa ne, masu laifi ne suka fake da zanga-zanga. Washegari fa, ranar 26, mutum ɗaya, baki ɗaya, ya ce ya ji koken jama'a ba zai sa hannu ba. Wallahi na kalli jawaban biyu a waya ina tambayar kaina me ya canza cikin dare ɗaya in ba tsoro ba. Har ya zauna hira da matasan a X, ya kori kusan duk ministocinsa ranar 11 ga Yuli.

Da ya jawo mutanen Raila Odinga cikin gwamnati kujera ta zauna, sai muryar ta koma gidan jiya. A Yulin 2025 shi ne da bakinsa ya ce 'yan sanda su harbi masu ɓarna a ƙafa. Iyayen yaran da aka kashe a ƙofar majalisa suna raye suna jinsa, kuma yawancinsu irin talakawan da ya roƙi ƙuri'arsu ne da baro.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Kano