Wasiƙa Zuwa ga Iyaye: Yaranmu da Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Muna gaisuwa, da fatan an wuni lafiya, ya iyali?

Wasunku sun tambaye mu abin da ya sa yaran aji biyu na ƙaramar sakandare suke yawo da guntun kwali da zare a baki, suna hangen sama bayan sallar magariba. Aikin makaranta ne. A wannan zango malaman tarihi da na lissafi sun haɗa hannu a kan darasi guda: yadda mutanen dā suka ratsa Tekun Indiya a jiragen katako, ba inji, ba mai, sai iska da ilimi.

Mun faro daga iskar. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana kaɗowa daga arewa maso gabas, sai ta ɗauki jiragen Oman da Yaman da Indiya ta kai su Lamu da Mombasa da Zanzibar, ɗauke da dabino da tufafi. Daga Afrilu sai ta juya, ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, su koma gida da itacen gini da hauren giwa. Yaran ba su sha wahalar gane wannan ba, don haka iskar hunturu da ta damina suke musanya a nan wurinmu. Wanda ya makara bai tashi a kan lokaci ba, to zaman watanni ya kama shi a baƙon gari.

Jiragen kansu abin mamaki ne. Da yawa ba ƙusa ko ɗaya a jikinsu, ɗinke allunan ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a toshe kafofin, a shafe da mai. A irin wannan jirgi matafiyin nan ɗan Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare Bahar Maliya daga Aizab, wata tsohuwar tasha a gaɓar Afirka, zuwa Jidda a 1183 kan hanyarsa ta hajji. Ƙyallen da ke kama iska kuwa mai kusurwa uku ne, an rataye shi a jikin doguwar sanda a karkace. Shugaban jirgi shi ne nakhoda, mai nuna hanya kuma mu'allim, kuma ba a ba mutum wannan matsayi sai ya haddace taurari da gaɓoɓin teku.

A nan muka fi daɗewa. Fitaccen mu'allimi shi ne Ahmad ibn Majid, ɗan Julfar, inda Ras al-Khaima take a yau a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A wajen 1490 ya rubuta Kitab al-Fawa'id, ya tattara lokutan iska da alamun tudu da wuraren haɗari, da kuma manzilolin wata guda 28. Waɗannan su ne taurarin da malamanmu na hisabi suke ƙirga damina da su, irin su Surayya, wato Kaza da 'Ya'yanta. Ana yawan cewa shi ya nuna wa Basko da Gama, matuƙin jirgi ɗan Portugal, hanya daga Malindi ta Kenya zuwa Kalikat ta Indiya a 1498, amma masana tarihi da dama ba su yarda da wannan ba, mun kuma gaya wa yaran haka.

Kwalin nan da zare kwaikwayo ne na wani ɗan ma'auni da ake kira kamal. Ɗan allo ne mai zare a tsakiya, an ƙulla zaren wuri-wuri. Mu'allimi zai ciji ƙulli ɗaya, ya miƙa allon gabansa har zaren ya ɗame, ya daidaita gindin allon da inda sama ta haɗu da ruwa. In tauraron arewa ya zauna daidai a bakin allon na sama, to jirgi yana kan layi ɗaya da garin da aka yi wa wannan ƙulli. Sai a juya gabas ko yamma a miƙe har a ga tudu. Tsayin tauraron da yatsa suke auna shi, yatsa ɗaya ya ɗan haura digiri ɗaya da rabi. A Kano tauraron yana wajen digiri 12 daga inda sama ta haɗu da ƙasa, a Kalikat kuwa wajen 11. Da yaran suka ga alƙaluman nan sun kusa, kuma suka duba taswira suka tarar garuruwan biyu kusan a jere suke, ajin ya kaure da murna. Yaron da ke gudun darasin kusurwa ya ga amfaninsa da idonsa, kuma abin da muke nema ke nan tun farko.

Jiragen tururi da buɗe mashigin Suwez a 1869 sun rage wa jiragen iska kasuwa, duk da haka har yau ana sassaƙa na katako a Sur ta ƙasar Oman.

Yanzu ga roƙonmu. A cikin danginku akwai waɗanda kakanninsu suka tafi hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya, sannan suka hau jirgin ruwa daga Sawakin ko Port Sudan zuwa Jidda. In akwai tsoho ko tsohuwa da ke riƙe da irin wannan labari, don Allah a zaunar da yaro ya saurara ya rubuta, ko da shafi ɗaya ne. Sannan a daren da sama ta yi garau, a fita da shi fili inda gini bai tare arewa ba, domin tauraron yana ƙasa-ƙasa. Kada a bar yara su fita su kaɗai.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutu, da ƙarfe goma na safe, za su baje ƙananan jiragen da suka ɗinka da kamal ɗinsu a babban ɗakin taro. Muna gayyatar kowa, har da kakanni. Wanda ke da ragowar kwali ko zaren buhu ya aiko wa malamin aji kafin ranar Laraba.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, amin.

Shugaban Makaranta