Zuwa ga masu ba mu aikin talla a rediyo: abin da ya sauya da yadda za mu ɓullo masa

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, ƴan kasuwa da masu sana'a na Maraɗi da kewaye.

Da yawanku kun zo ɗakin aikinmu da kuka iri ɗaya: an biya kuɗin talla, amma ko dai ba a ji ta ba, ko an ji ta guntuwa, babu lambar waya a ƙarshe. Kukanku yana kan hanya, kuma ga tushen matsalar.

Wasu daga cikin tashoshin FM da muke kai wa tallarku sun rage shirye-shiryen da ake yi a nan gida. Sun koma ɗauko shirin kiɗa da waƙoƙi da ake haɗawa a Yamai, a watsa shi lokaci guda a garuruwa da dama. Karɓar shiri daga nesa ba baƙon abu ba ne, don tun 2016 Studio Kalangou ke aika labarai ga gidajen rediyon da ke hulɗa da shi. Abin da ya zo sabo shi ne sa'o'i a jere babu kowa zaune gaban makirfo. Dalilin kuɗi ne. Man injin wuta da albashi sun yi wa tashoshi nauyi, alhali ma'aikaci ɗaya da kwamfuta ɗaya sun isa su riƙe shirin da aka aiko. Ba mu ga laifinsu ba, amma abin ya taɓa aljihunku.

A da, idan tallarku ta zarce da sakan 5, mai gabatarwa zai jira ta ƙare, wani lokaci ma ya ƙara da bakinsa: "Ku je wurin Alhaji, kusa da tasha." Yanzu shirin yana zuwa ta tauraron ɗan adam ko ta intanet, da gurabun da aka bar wa tallar gida. A tashoshin da muke aiki da su, gurbin minti 2 ne zuwa 3. Sigina na zuwa daga Yamai, kwamfuta ta saki tallolin Maraɗi, lokaci na cika ta koma kiɗa. Ba ruwanta da ko magana ta ƙare. Gurbin minti 2 talla huɗu yake ɗauka masu sakan 30. Idan ta farko ta ci sakan 34, ta huɗu ce za ta rasa wutsiyarta, kuma a wutsiya ne aka saba sa lambar waya da kwatancen shago.

Saboda haka daga yanzu kowace talla za mu yanke ta a sakan 29 ko 59. A Hausar da ake faɗa ba gaggawa, sakan 30 bai ɗaukar fiye da kalmomi 65 zuwa 70. Sunan shago da unguwa za su shigo cikin sakan 10 na farko, a maimaita su a ƙarshe. Lambar waya ɗaya tak, a karanta ta bibbiyu yadda aka saba. Mun san akwai mai son a jero duk kayan da ke rumbunsa, daga shinkafa har ashana. Alhaji, a yi haƙuri, a zaɓi uku. Sauran a yi musu talla ta biyu, a riƙa musanya su mako-mako.

Sai maganar ƙarfin sauti, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Kiɗan da ake aikowa an matse shi an ɗaga shi, yana fita da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Tallar da aka ɗauka da waya aka turo ta saƙon murya na WhatsApp ta riga ta rasa kaifinta, idan ta biyo bayan irin wannan kiɗa sai ta yi kamar mai magana daga cikin rijiya. Mai shayi ba zai tashi ya murɗa rediyo dominta ba. Wanda ya ɗauki muryarsa a wani wuri, ya kawo mana ita a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, ko MP3 da ingancinsa bai gaza 192 kbps ba, a kan kile (USB), ko ya turo ta a matsayin fayil, ba saƙon murya ba. Kada a bar shiru a farkonta, domin wasu na'urorin suna ɗaukar dogon shiru a matsayin katsewar shiri, su saki kiɗan ajiya a kai. Idan kuma za a sa waƙar wani mawaƙi a ƙarƙashin murya, sai da izini. Haƙƙin mawaƙa a Nijar yana hannun hukumar BNDA.

Abin da ya fi damun mu shi ne sanarwar gaggawa: rasuwa, sadakar uku, cigiyar yaro ko dabbar da ta ɓata. A sa'o'in kiɗan da aka aiko babu wanda zai karɓi takarda ya karanta nan take. Irin wannan sanarwa za mu kai ta tashoshin da har yanzu ke da mai gabatarwa kai tsaye, ko rediyon karkara na yankin da abin ya shafa. Sanarwar suna da ɗaurin aure kuwa, a kawo ta da kwana 2 a gaba.

A duba kuma wa ke saurare. Shirin kiɗa na matasa ne, ƴan kabu-kabu da ƴan fada da masu ɗinki. Mai sayar da waya ko tufafi zai ci riba a nan. Amma mai taki, irin shuka, ko maganin dabbobi, abokin cinikinsa manomin Dakoro ne ko Mayahi ko Madarumfa, wanda ke kunna rediyo bayan asuba da bayan isha'i don jin labarai, farashin gero da wake, da gaisuwa cikin Hausar da ya saba ji. Shawararmu gare shi, ya mayar da kuɗinsa kan waɗannan shirye-shirye na gida ko da sun fi tsada kaɗan. Tasha tana riƙe shirin da ke kawo mata talla ne, wanda babu mai ɗaukar nauyinsa shi ake fara sokewa. Akwai kuma waɗanda ba su son sunan shagonsu ya fito tsakanin waƙoƙi saboda addini. A faɗa mana tun farko, mu rubuta a takardar yarjejeniya.

Abu biyu na iya hana talla fita duk da an biya. Idan babban kamfanin da ya ɗauki nauyin shirin daga Yamai yana sayar da kaya irin naku, tasha na iya ƙin sa taku a wannan sa'a. Wannan za mu tambaya kafin mu karɓi kuɗi. Na biyu, idan wuta ta ɗauke, kafin injin ya tashi kwamfuta ta dawo, gurbin ya wuce, kuma ba ta komawa baya ta rama. Don haka kowane mako za mu karɓo takardar da ke nuna rana da mintin da aka watsa kowace talla, mu gwada ta da abin da muka naɗa daga rediyo. Duk wadda ba ta fita ba, ko ta fita a yanke, za mu nemi a maimaita ta ba tare da ƙarin ko dala ba.

Masu tsofaffin talloli a wurinmu, ku biyo ta ɗakin aiki mu saurare su tare, mu gyara tsawonsu. Wannan gyara kyauta ne.

Allah ya sa albarka a kasuwa.

Ma'aikatan ɗakin haɗa tallar rediyo, Maraɗi